Tsingaro a Aljihun Baba

Ranar wata Alhamis ce da la'asar sakaliya, a daminar da muka tare a gidanmu na Rigasa, ina aji uku a firamare. An ɗauke ruwa ke nan, tsakar gida duk ta yi caɓi, ni kuma ina tsugune a bakin rariya ina wanke kwanonin abincin rana da toka. Sai na ji tarin motar Baba a waje, tsohuwar akori-kurar nan da duk layinmu ya san muryarta, sannan na ji sallamarsa. Ya shigo yana ɗage ƙafar wando, ya wuce ni, ya tsaya a bakin tagar ɗakin Inna. Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da wani abu ya ɗora a kan tagar. Daidai lokacin rana ta leƙo ta tsakanin gajimare ta faɗa a kansa, sai na ga wani shuɗi wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Ya fi bula duhu, ya fi sararin sama zurfi, kamar akwai ruwa a kwance a cikinsa. Guntun tayil ne, bai kai tafin hannuna ba, da wani farin zane kamar reshen fure da ya karye a gefensa.

"Na ga wani tsingaro a hanya," in ji Baba, idonsa yana kan katanga.

Inna tana bakin murhu tana fama da jiƙaƙƙen itace. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ajiye shi can."

Iyakar maganar ke nan. Baba ya ɗauki buta ya tafi masallaci. Amma da na shiga ɗaki mayar da kwanoni, sai na tarar da Inna a tsaye a jikin taga, ta goge abin da haɓar zaninta, tana juya shi a haske kamar mai duba zinare. Da ta ji motsina ta yi sauri ta jefa shi cikin wata tsohuwar tukunyar ƙasa da ke ƙarƙashin gado, ta ce in je in ƙarasa aikina.

A garinsu Inna, can wani ƙauye a ƙasar Katsina, tsingaro guntun fasasshiyar tukunya ne. Baba ne ya ari sunan ya ba guntayen tayil, ya kuwa bi su har yau a bakinmu. Sana'arsa ke nan, ɗaukar kwalayen tayil daga shagunan cikin gari zuwa manyan gidajen da ake ginawa a Malali da Unguwar Rimi. Ba a rasa wanda zai fashe a hanya ko wanda masu aiki za su yanke su yar, sai a share su a tara tare da shara. Baba ba ya kwasowa da yawa. Ɗaya yake zaɓa, ko biyu in ya ga abin da ya burge shi, kuma ba kullum ba. Ranar da ya je wanke mota a bakin kogi sai ya zo da dutse maimakon tayil, irin baƙaƙen nan masu santsi da ruwa ya daɗe yana gogewa. Su ma sunansu tsingaro, su ma a hanya ya gan su, su ma "ajiye shi can".

Gidan namu a lokacin ɗaki biyu ne da zaure, bulo tsirara babu yaɓe. Mun baro ɗakin haya a Unguwar Kanawa inda ake bin layin banɗaki da safe, don haka a wurinmu fada ce. Sai dai ƙasan ɗakunan turɓaya ce zalla. In ka yi shara ƙura ta tashi, in ka yayyafa ruwa ta zama laka, cinnaku kuwa sun ɗauka da su aka sayi filin. Layin namu duk baƙi ne irinmu, wannan daga Kano, wancan daga Zamfara, direbobi da leburori da masu tura baro. Filayen da ba a gina ba mu muke nome su. Inna tana da 'yar gonarta a bayan katanga, masara da kuɓewa da rama da yakuwa, aikina ne in kore awakin maƙwabta in kuma tsinko ganyen miya kafin in tafi Islamiyya. Da yamma mu taru a gindin wata bishiyar mangwaro mu yi carafke da gaɗa, har sai an fara kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya daga cikin gidaje.

Wasan da na fi so shi ne 'yar gala-gala, kuma duk wanda ya yi shi ya san rabin nasara tana ga tsingaron da kake jefawa. Na tukunya yana da saurin farfashewa, dutse kuma ya cika mirginawa. Guntun tayil kuwa in ka jefa shi sai ya kwanta a gidan da ka nufa kamar an kira shi. Na sha roƙon Inna ta ba ni shuɗin nan. Sai ta ce, "Wannan ba na wasa ba ne, ɗiyar nan." Ta lalubo mini wani fari marar ado ta ba ni. Da shi na zama sarauniyar gala-gala a makarantarmu, har wata yarinya Hassana ta yi mini tayin rabin rakenta kullum in na ba ta aro, na ƙi.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, tukunya ta cika, aka koma zubawa a tsohon daro. Sai wata rana bayan an cire amfanin gona Inna ta aike ni gidan Gwaggo Tabawa in ce mata lokaci ya yi. Gwaggo Tabawa Bazamfariya ce mai tuyar waina a bakin layi. Ba mu haɗa jini da ita ba, amma babu gidan da ake suna ko biki ba a ji muryarta ba. Ita ce ta zo Kaduna da madaɓinta, wato katakon nan mai faɗi da ake dukan ƙasa da shi, ta ce ko miji za ta bari a gida ba za ta bar shi ba. Yaran layi suka yi ta jido marmara daga wani rami da ake haƙa a bayan unguwa. Aka jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, a manyan tukwane har ruwan ya yi ja kamar shayi, warinsa ya cika gidan. Mu yara aka ba mu aikin goge bakin kowane tsingaro a kan dutse don kada ya yanki ƙafa. Yatsuna duk suka yi kanta, amma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba, domin a nan ne aka bar ni na taɓa shuɗin.

Ranar daɓe matan layi suka cika ɗakin Inna, kowace ta ɗaure ɗankwali a ƙugu. Aka baza marmara, aka yayyafa ruwa, suka durƙusa a jere suna duka da sauti ɗaya, tim, tim, har kana ji a ƙirjinka daga zaure. Gwaggo Tabawa ke ba da waƙa, duk wadda ta sassauta hannu sai ta saka sunan mijinta a ciki, a yi ta shewa. Aka sha kunun tsamiya, aka ci dambu, aka watse. Amma jera tsingaron Inna ba ta yarda kowa ya sa mata hannu ba. Ita kaɗai ta yi shi cikin kwanaki, tana farawa daga bakin ƙofa, tana danna kowane guntu a cikin damshin ƙasa, tana cike tsakaninsu da ɗan simintin da Baba yake karkaɗowa daga bayan mota. Ba ta zana komai a ƙasa ba kafin ta fara. Takan ɗauki guntu ta riƙe, sannan ta nemar masa maƙwabci. Kore kusa da ruwan ƙasa, ja a tsakiyar farare, baƙaƙen duwatsu suna zagaye su kamar bakin zani. Har da gefen wani farantin tangaran na kayan ɗakinta wanda ya fashe ranar da muka taso daga Unguwar Kanawa. Da na tambaye ta me ya sa ba ta yar da shi ba, sai ta ce, "Abin da ya fashe bai mutu ba, wurin zama yake nema."

Akwai abu ɗaya da ya dame ta tun da muka tare. Filin namu a karkace aka yanka shi, ɗakin ma ya bi shi, don haka alƙibla ba ta fuskanci kowane bango ba, wajen kusurwa ta nufa, kuma ba daidai kusurwar ba. Kullum in za ta tayar da salla sai ta tsaya tana gyara tsayuwa tana kokwanto. Ana cikin aikin jeren nan Baba ya zo da Malam Habu mai makarantar allo, ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya nuna da sandarsa, ya tafi. Bayan la'asar, da gidan ya yi shiru, na ga abin da ban taɓa gani ba: Baba ya naɗe hannun riga ya tsuguna a cikin aikin mata. Ya zaɓo duwatsu biyu masu faɗi ya dasa su gefe da gefe, daidai inda mutum zai sa ƙafafunsa. Daga gabansu ya jera ƙananan baƙaƙe a miƙe, ɗaya na bin ɗaya, suka nufi inda sandar Malam ta nuna. Ya miƙe yana karkaɗe hannu ya ce, "Don kada a riƙa karkacewa." Inna tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta ce, "To." Washegari na ga ta dasa shuɗin nan a gefen gado, inda ƙafarta take fara sauka in ta tashi.

Da aka shafe shi da ruwan makuba ya bushe, ɗakin ya zama abin zuwa kallo. Mata sukan zo aron gishiri su ɓuge da zama. Da zafi kuwa babu inda ya kai shi sanyi, a nan nake kwanciya rub da ciki bayan na shiga sakandare, lokacin da ciwon karatun littattafan soyayya ya kama ni. Wata maƙwabciyarmu ke ba ni aro, ina ɓoye su a cikin littafin lissafi. A cikinsu samari suna magana kamar ana zuba zuma, shafi guda cur ba su tsaya ba, kuma kowace amarya a ƙarshe gidan bene ake kai ta, mai tayil fari ƙal wanda take ganin fuskarta a ciki. Nakan ɗago daga littafi in dubi Inna tana tsince shinkafa, tausayinta ya kama ni. Mace ta yi shekaru da miji bai taɓa kiranta da wani suna mai daɗi ba. Shi "Innar Rabi" yake cewa, wato ni, ita kuma "Malam". Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Inna, wai Baba ya taɓa ce miki yana sonki?"

Mafici ta jefo mini. "Ke, littattafan nan za su cinye maki kunya! Tashi ki ba ni wuri."

Gwaggo Tabawa tana nan ta zo karɓar turmi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Wagga ɗiya, mi kika sani? Kina kwance bisa abu kina nemanai cikin takarda." Na ɗauka irin zancenta ne na tsofaffi, na tattara littafina na koma zaure.

Mutum ɗaya ne a gidanmu bai san ɗakin nan ba, shi ne Yaya Auwalu. Shi ne ɗan farin Inna, kuma tun da aka yaye shi ƙanen Baba ya ɗauke shi zuwa Kano, a can ya tashi. Sai da salla yake zuwa. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari: ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama su yi hira. In ya zo sai ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta kansa a ƙasa, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri, ya tashi. Amma tun ana saura kwanaki ya zo take tanadin kuɓewa busasshiya da man shanu, don ta ji an ce yana so, in ta gama ta ce mini, "Kai wa baƙon nan." Ni na san wannan, shi bai sani ba. Abin da yake gani daga bakin ƙofa shi ne uwarsa a zaune a kan ragowar gidajen mutane. Wata salla muna zaune a zaure ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, "Rabi, kin ga abin da aka share aka zubar a gidan wasu, shi ne ɗakin uwarmu. Wallahi in Allah ya buɗa mini sai na fitar da ita daga cikin tarkacen nan." Idonsa har ya kawo ruwa. Maganar ta yi mini kama da irin alkawarin da jarumai ke yi a littafi, ban kawo komai a raina ba.

Baba ya rasu shekarar da na gama sakandare, bayan 'yar gajeriyar jinya. Aka sayar da akori-kura, layin ya daina jin tarinta. Inna ta yi takabarta a ɗakin nan, kuma tun daga lokacin idonta ya fara yin hazo. A hankali yana ta rufe shi har ya zamana sai dai ta ga inuwar mutum. Amma a cikin ɗakinta babu wanda zai ce ba ta gani. Tafin ƙafarta ya haddace ko'ina. Ta san gefen tangaran yana nufin ta kusa da randa, ta san kaushin jan nan yana gaban akwati. In allura ta faɗi sai ta ce, "Duba wajen koren da Malam ya kawo ranar da ya tashi daga zazzaɓi." A nan na gane ashe kowane guntu da ranarsa a wurinta. Wannan na makon da aka haifi ƙanena Sadiku, wancan na ranar da suka ɗan saɓa ya fita bai ci abinci ba, ya dawo da shi a aljihu. In lokacin salla ya yi takan taka a hankali har dugaduganta su hau duwatsun nan biyu, ta laluba layin baƙaƙen da babban yatsa, ta shimfiɗa darduma, ta kabbara. In ta idar ta zauna a bakin gado tana jan carbi, ƙafarta a kan shuɗin, tana shafa shi kamar kan jariri. Wata rana ina kallonta haka maganar Gwaggo Tabawa ta faɗo mini. Na fita bayan katanga cikin masara na yi kuka mai isata, na Baba da na kaina.

Aka yi mini aure aka kai ni Gusau. Sadiku ya tafi karatu Zariya. Yaya Auwalu kuwa Allah ya buɗa masa a kasuwancin kayan gini, abin da ya fara yi shi ne biya wa Inna kujerar Makka. Kowa ya sa masa albarka. Kuma kamar yadda aka saba, in alhaji ya tafi akan gyara masa gida kafin ya dawo, a yi fenti, a canza labule. Yaya ya ga ranar cika alkawarinsa ta zo. Ya turo ma'aikata daga Kano da mota cike da kwalaye. Gwaggo Tabawa ta ba ni labari daga baya cewa da ta ji ƙarar diga ta bar waina a kan wuta ta rugo, ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce sai dai su fara da ita. Aka kira mata shi a waya. Ta ce masa ɗakin nan ba a taɓa shi. Ya yi dariya cikin ladabi ya ce, "Haba Gwaggo, ku bar ni in fita kunyar uwata sau ɗaya." Ta rasa ta inda za ta fara yi masa bayani a gaban ƙartin maza, ga shi sirrin ba nata ba ne. Kafin azahar an farfashe daɓen. Aka kwashe shi a baro aka cike wani kwazazzabo da ruwa ya ci a tsakiyar layi, maƙwabta har suna godiya.

Na iso ana gobe jirginsu zai sauka. Na yi sallama na ɗaga labule, sai na ga fuskata a ƙasa. Fari ƙal, santsi kamar madubi, daga bango zuwa bango, irin wanda na sha mafarki a littafi. Na tsaya a bakin ƙofa.

Washegari gida ya cika, ana ta guɗa, ana "Hajiya, sannu da hanya". Na riƙe hannunta har bakin ƙofa. Ta cire takalmi kamar yadda ta saba, ta sa ƙafar dama. Sai ta tsaya. Na ji hannunta ya ƙanƙame nawa. Ƙafar ta matsa gaba kaɗan, ta koma gefe, ta dawo, tana nema. Yaya yana tsugune a gefe cikin babbar riga, fuskarsa kamar an ba yaro kyautar salla. Mata suna cewa, "Hajiya, kin ga aikin ɗanki? Ɗaki sai ka ce na matar gwamna!" Inna ta juya fuskarta wajen bango, kamar yadda take yi in yana wurin, ta ce, "Ku ce ma yayanku Allah ya yi mashi albarka. Allah ya ba shi masu yi mashi." Aka ce amin. Yaya ya share hawaye.

Da aka kira la'asar mutane suka ragu. Na kai mata ruwa ta yi alwala, ta miƙe, ta yi taku biyu zuwa inda ta saba, ta tsaya a tsakiyar farin nan da darduma a hannu. Ta juya dama, ta juya hagu. Sannan ta ce, a hankali, kamar mai jin nauyin tambayar, "Rabi, ina gabas?"

Na kama kafaɗunta na juya ta. Ko ni sai da na yi kokwanto.

Da safe na ce zan gaya wa Yaya. Ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Kada ki kuskura. Yaro ya yi don Allah. A bar shi da ladansa." Da ya ji an ce tana wahalar gane alƙibla, sai ya aiko mata da darduma mai ɗan agogo a jiki wanda allurarsa ke nuna Makka. Ta shafa gilashin da yatsa, ta sa albarka, ta sa aka ajiye a kan akwati. Sauran shekarunta ta yi su tana bin bango da hannu a ɗakin da ta haddace. Tana tsoron ɗigon ruwa, tana tsoron santsi, ta daina zuwa randa da kanta. Kowace salla sai ta jira wata jikar maƙwabta ta zo ta juya ta. In ta zauna a bakin gado har yanzu babban yatsanta yakan yi ta shafa wuri ɗaya, inda babu komai.

Yanzu in na shiga gidajen ƙawayena a Kurmin Mashi ko Malali, sai in ga duk ƙasan ɗaya ne. Mai kyau ne, ba na musu, ga sauƙin gogewa. Amma in aka rufe maka ido aka ajiye ka a ciki ba za ka san ɗakin wa kake ba, kuma babu wani wuri da ƙafarka za ta taka ta tuna da wani. Madaɓin Gwaggo Tabawa ma an ce wasu yara sun hura wuta da shi. Littattafan nan har gobe ina karanta su, ban daina ba, sai dai duk sanda saurayi ya fara dogon zancensa nakan ji ina jiran ya yi shiru ya sa hannu a aljihu.

Inna ta rasu da damina. Bayan addu'ar bakwai, Gwaggo Tabawa, wadda tsufa ya riga ya cire mata tsoron kowa, ta kira Yaya zaure ta ce alkawarin ɓoyewa da Rabi aka yi, ba da ita ba. Ta faɗa masa komai, tun daga tukunyar ƙarƙashin gado har zuwa duwatsun alƙibla, har da kuɓewa da man shanu. Ban ji abin da ya ce ba. Na dai ga ya fito ya shiga ɗakin, karo na farko a rayuwarsa da ya wuce bakin ƙofa, ya daɗe a ciki.

Bai sayar da gidan ba, bai kuma sa haya ba. Yanzu Alhaji ne babba, da furfura da shaguna, amma mutanen layin sun san shi da wata ɗabi'a. Duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi a Kaduna, washegari sai a ga motarsa a bakin layi. Ruwa yakan wanke wurin da aka cike kwazazzabon, wani abu mai launi ya leƙo daga cikin laka. Sai ya tattare babbar riga ya yi ta tafiya a sunkuye, yara suna binsa suna mamaki. Abin da ya samu yakan kai ɗakin Inna ya zuba a wata tukunyar ƙasa. Ya samu kore, ya samu gefen tangaran, ya samu baƙaƙe da dama. Shuɗin ne har yau bai fito ba.

Bara na je gidan na tarar da shi ya shigo, ƙafar wandonsa duk laka. Ya tsaya a bakin taga ya buɗe hannu, wani ɗan ja ne da bai kai ƙwayar dabino ba. Bai dube ni ba, katanga yake kallo.

"Na ga wani tsingaro a hanya," in ji shi.

Na ce, "Ajiye shi can, Yaya."